Matar da Aka Ji a Banɗakin Sanusi

Ba zan taɓa mantawa da wankan da na yi a Zurmi ba, kuma ko da na yi niyyar mantawa, mutanen garin ba za su bari ba, duk zuwan da zan yi sai an samu mai tuna min. Wanka ne na hantsi, wata ranar Alhamis, a farkon shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu ta Zamfara. Bokiti ɗaya ne da sabulu, amma sai da ya tara min mai unguwa da liman da kuma mutumin da nake neman auren 'yarsa.

Dole in fara da Kawu, don shi ya jawo komai, ko da yake har ya koma ga Allah bai taɓa amsa laifin ba. Kawu Isa ƙanin mahaifiyata ne, ya yi aikin kuku wajen wasu Turawan Italiya da suka zo ginin madatsar ruwa tun ina ƙarami. Da za su koma gida sai ubangidansa ya bar masa rikoda da kwali guda na kaset. Kawu bai damu da su ba (rediyon jikin rikodar kawai yake so, don jin labarai), ni kuwa da nake zaune gidansa a Kaura Namoda ina makaranta, na bi su ɗaya bayan ɗaya har na faɗa kan wani da ya hana ni sakat.

Abin da ke ciki ana ce masa ofera. Wasan kwaikwayo ne, amma ba a magana, komai da waƙa ake yi. Gaisuwa da waƙa, faɗa da waƙa, har mutuwa ma sai an rera ta. Kawu ya ce ubangidansa kan saka wannan kaset ɗin ranar Lahadi in ya ƙoshi da taliya, ya zauna yana share hawaye, shi kuma yana leƙe daga kicin yana mamakin ƙato da gemu yana yi wa rikoda kuka. A bakin Baturen ya ji labarin. Wata yarinya ce da wani saurayi suke son juna, dangi suka shiga tsakani, ta kwanta ciwo, shi kuma bai iso ba sai da rai ya zo gargara. Wanda ya tsara kiɗan wani mutumin ƙasarsu ne da ya rasu tun kafin Turawa su ci ƙasar nan. Wai ranar da aka fara nuna wasan, 'yan kallo ihu suka yi masa, suka yi ta dariya a wurin da ya kamata a yi kuka, har bawan Allah ya bar garin da baƙin ciki. Daga baya aka sake nunawa da wasu mawaƙan, duniya ta karɓa, kuma har yanzu ana cika manyan ɗakunan kallo saboda shi.

Ni ban san ko kalma ɗaya ta yaren Italiya ba, har gobe. Amma na saurari kaset ɗin nan sai da na haddace shi tas, da inda ake jan numfashi da inda ake tari. Matsalar ita ce Allah ya yi ni da siririyar murya. Tun ina saurayi in na yi sallama a ƙofar gidan da ba a san ni ba, sai in ji an ce daga ciki "shigo mana", a zaton wata maƙwabciya ce ta zo aron rariya. To da na gwada bin saurayin cikin kaset ɗin, maƙogwarona ya ƙi ɗauka, ita kuwa yarinyar kamar ni aka auna aka yi mata waƙar. Haka na zama ita. (Na san yadda wannan maganar take a kunne, ba sai an faɗa min ba.)

Da na fara koyar da lissafi a wata sakandare a Kaura, na kama haya a gidan da banɗakinsa ke jingine da shagon injin niƙa. Daga safe har yamma injin nan na ruri, ko rago aka yanka a banɗakin ba mai ji. Nan na samu filin da nake so. Kullum in na shiga da bokitina sai na mutu sau ɗaya kafin in fito, iya ƙarfina, ba wanda ya taɓa sani. Da Shari'a ta zo na yi murna kamar kowa. Masu sayar da kaset a tasha suka kwashe na waƙoƙi suka jera na wa'azi da karatu, bukukuwa suka koma walima, kowa ya shiga taitayinsa. Babu wanda ya zo ya tambaye ni me nake saurare, ni ne dai tsoro ya kama ni da kaina, na naɗe kaset ɗin a tsohuwar riga na tura shi ƙasan akwati. Waƙar wanka kam ban fasa ba, tunda injin bai fasa ba.

A lokacin ne na ga Luba. Abokin aikina Sanusi, ɗan Zurmi, shi ya kai ni garinsu wani ɗaurin aure, na gan ta, na dawo Kaura abinci ya daina shiga. Mahaifinta Alhaji Mamman ɗan kasuwar hatsi ne, yana cin kasuwar Moriki da ta Shinkafi, mutum marar yawan magana wanda in ya dube ka sai ka fara tuno laifukan da ba ka yi ba. Na yi wata da watanni ina zirga-zirga, in tsuguna nesa da tabarmarsa, in kumbura murya in gaishe shi kamar mai mura, har dai aka ce in turo manyana. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa sakar min fuska ba, yayarsa Gwaggo Tumba, wadda ke zaune a gidan tun rasuwar mijinta. Ita a wurinta duk wanda ya tashi a Kaura, garin jirgin ƙasa da baƙi, sai an bincike shi da kyau, balle ɗan boko mai cusa riga cikin wando.

Aka sa ranar Juma'a Kawu da sauran manya za su zo neman aure bayan an sauko daga masallaci. Makaranta na hutu, zumuɗi ya hana ni zama, sai na riga su zuwa tun Laraba na sauka gidan Sanusi. Matarsa ta tafi haihuwa gidan iyayenta a Dauran, kuma duk unguwa an san haka, an san babu mace a gidan. Ranar Alhamis da sassafe shi ma ya shiga mota zuwa kasuwar Shinkafi sayo ragon suna, ya bar ni ni kaɗai.

Ga kuskuren da na yi. Daga ƙofar gidan Sanusi zuwa ƙofar gidan Alhaji Mamman tafiya ce mai ɗan nisa, sai ka miƙe lungu, ka zagaya masallaci, ka wuce mai ƙosai, ka sake karya kwana. Saboda haka ni a lissafina (kuma malamin lissafi ne ni, kada a manta) gidajen nan biyu ba su haɗa komai ba. Ashe zagayen da nake yi kullum komowa nake inda na fito, gidajen ƙeya da ƙeya suke. Katangar banɗakin Sanusi ita ce katangar madafar gidan Alhaji, inda matan gidan suke wuni.

Na tashi ranar cikin farin cikin da ban taɓa ji ba. Gobe war haka an ba ni Luba. Na ja ruwa a rijiya na shiga banɗaki, ba rufi a sama sai reshen dogon yaro. Na ji ana daka a wani wuri kusa, amma wane gida ne ba a daka da hantsi? Na watsa ƙwaryar farko, sanyin ruwan ya ratsa ni, bakina ya buɗe da kansa.

Da a ce wurin murna na ɗauko, da abin ya zo da sauƙi. A'a, ƙarshen wasan na tafi kai tsaye, inda take kan gadon mutuwa tana kiran saurayin, don nan ne muryar ke hawa can sama, kuma nan na fi gwaninta. Na ja, na lanƙwasa, na yi shessheƙa, na yi 'yar dariyar da take yi cikin zafin ciwo, na yi tarin duk yadda yake a kaset. Can na lura dakan ya tsaya, na ce a raina sun gama ne. Na ƙarasa da doguwar ƙarar nan ta ƙarshe, na saki ƙwaryar ta faɗi ƙasa, don a kaset ɗin ma akwai abin da ke faɗuwa a daidai wurin. Na ɗauraye jikina na fito ina jin daɗin kaina.

Ina cikin shafa mai na ji sallama, ba ta mutum ɗaya ba. Na zura riga na fito zaure. Mai unguwa ne a gaba da sandarsa, sai limamin masallacin nan da nake zagayawa, sai wasu samari na kwamitin da unguwa ta kafa don sa ido kan tarbiyya, fuskokinsu a murtuke. Can baya, a gefen ƙofa, Alhaji Mamman ne tsaye yana kallon ƙasa, bayansa kuma lungu ya fara cika. Na zaci Sanusi ne ya yi haɗari a hanyar Shinkafi. Na tsuguna na gaishe su da muryar nan tawa ta aro.

Mai unguwa ya amsa a taƙaice, sannan ya ce, "Malam, ba tashin hankali munka zo yi ba. Ka ce ma baƙuwarka ta sa lulluɓi ta hito."

Na tambaye shi wace baƙuwa, kuma da gaskiyata na tambaya, don har lokacin ban haɗa abin da wankana ba. Sai wata murya ta taso daga bayan ƙofa, inda mata suka tsaya ba su shigo cikin maza ba, na kuwa gane ta nan take. Gwaggo Tumba ce.

"Ni da kunnena nij ji ta. Muna cikin daka tas soma kuka, tana kiran wani, tana dariya, tana tari. Mu duka munka ji, har ita Luba."

Na tuno dakan da ya tsaya, na tuno katangar, na ga taswirar unguwar ta haɗe a kaina lokaci guda, a sa'ad da ba ta da sauran amfani.

Mai unguwa ya ce maza ba za su shiga neman mace ba, sai ya tura wasu tsofaffin mata biyu. Suka duba ɗaki, suka leƙa ƙarƙashin gado da bayan randa, ɗaya har ta sa aka ɗaga ta ta leƙa rumbu. Ba su samu kowa ba, amma sun fito da takalmin mata da gyale. Na yi saurin cewa na matar Sanusi ne. Ɗaya daga cikin samarin ya tambaye ni yadda aka yi na san kayan matar abokina haka da kyau, wani kuma ya ce katangar baya ai gajeriya ce, ko yarinya ta tsallake ta.

Duk wannan abin da ake yi amsar tana bakina, na kasa fitar da ita. Zaɓi biyu ne a gabana, ko in zama mutumin da ya ɓoye mace a gidan abokinsa, ko in zama mutumin da shi ne macen. Wallahi sai da na auna su, kuma a wannan lokacin na farkon ya fi min kama da mutunci.

Liman ne ya fara kwantar da ƙura. Ya ce babu wanda ya ga komai da idonsa, murya ba shaida ba ce, kowa ya kama harshensa kada a je neman gyara a faɗa ƙazafi. Na fara samun numfashi, har na soma tunanin in yi shiru abin ya wuce a haka. Sai Alhaji Mamman ya ɗago kai, karo na farko tun zuwansu. Ya ce shi bai zargi kowa ba, kuma ba zai kai ƙarar kowa ba.

"Amma maganar gobe a dakata tukuna. A aika Kaura, kar mutanenka su taso."

Ya juya zai tafi. Duk wanda ya san dattawanmu ya san ma'anar "a dakata tukuna", ba a sake tayar da maganar har abada. Na ga Luba tana fita daga hannuna a bayan babbar rigarsa, tsoron da ya kama ni ya fi kunyar da ke riƙe da bakina.

"Baba, ka dakata don Allah. Babu macce gidan ga. Ni niy yi."

Ya juyo a hankali. "Kai kay yi mi?"

"Abin da anka ji. Waƙa nika yi, ba kuka ba."

Na ci gaba da zuba kamar an buɗe famfo, na ba su labarin Kawu da Turawan Italiya, da yarinyar da ke mutuwa, da mai kiɗan da aka yi wa ihu, har da manyan ɗakunan kallo (ban san me ya sa na ɗauka wannan zai taimake ni ba). Liman ya tambaye ni me take cewa a waƙar, na ce ban sani ba. Ya ce wato na haddace abin da ban san ma'anarsa ba, na kuma ɗauke shi na kai makewayi, inda ko sallama ba a amsawa? Na ce haka ne, Allah gafarta Malam. Ya yi a'uziyya a hankali. Aka tambayi kaset, na ce yana Kaura a ƙasan akwati. Saurayin nan mai bakin tsiya ya ce ai kowa zai iya nemo kaset gobe, kuma abin da mata suka ji babu kiɗa a ciki, mutum ne da ransa.

Mai unguwa ya dogara sandarsa ya ce abin ai mai sauƙi ne. "To yi muna mu ji."

A tsugune nake, a gaban surukin da ban taɓa yarda mun haɗa ido ba, wanda ko ruwa ba na iya sha a gabansa. Na buɗe baki. Abin da ya fito ban san sunansa ba. Muryar aro da ta gaskiya suka haɗu suka sarƙe, na yi wata 'yar ƙara na tsaya.

Gwaggo ba ta jira an tambaye ta ba. "Wanga ba ita ba ta. Waccan muryatta har cikin ƙashi taka shiga. Wanga ko ɗan akuya ya hi shi."

Yanzu na zama mai ɓoye mace kuma maƙaryaci. Na ga Alhaji ya kaɗe hannun rigarsa, alamar ya gama. Cikin ruɗewa na faɗi maganar da ta fi kowace wauta a rayuwata, na ce ranka ya daɗe ba na iyawa sai da ruwa.

Na zaci za a kore ni da duka. Ashe mai unguwar nan mutum ne da ya saba raba rigimar iyakar gona, kuma ba ya yanke hukunci a zaune, sai an je gonar. Ya gyaɗa kai kamar na faɗi abin hankali, ya ce magana a inda ta faru ake warware ta. Ya umarci mata su koma madafa, kowace ta tsaya inda take ɗazu, ta ɗauki taɓaryarta. Ya sa saurayi ɗaya ya duba banɗakin ya tabbatar babu kowa, wani ya zagaya ya tsare katangar baya, wani ya jawo min ruwa. Dattawa suka shigo tsakar gida aka shimfiɗa musu tabarma. Na tambaya a hankali ko da rigata zan shiga, ya ce yadda na yi ɗazu haka zan yi. Da ƙyar na ceci gajeren wandona.

Ina tsaye a ciki na ji an fara daka a bayan katanga, dakan umarni, babu hira babu dariya. Luba tana nan, taku kaɗan daga inda nake, ta riga ta yi kukan na ci amanarta. In na kasa, shi ke nan. In na iya kuma, a kunnenta zan iya. Na watsa ruwa, na ɗauko waƙar, muryar ta karye. Na ji wani dattijo ya yi gyaran murya a tsakar gida. Na sake watsa ruwa, na rufe ido.

Abin da ya faru bayan nan har yau yana ba ni mamaki. Shekara da shekaru ina wannan waƙar don jin daɗin maƙogwarona kawai, sai a ranar na gane abin da ke sa ƙaton Baturen nan kuka. Mutum ne ke kiran wanda ake shirin raba shi da shi, yana ganin lokaci na ƙurewa, kuma babu abin da ya rage masa sai murya. Ban buƙaci tafinta ba. Muryar ta buɗe ta hau, ta wuce inda take tsayawa a Kaura, hawaye na gaske suka gauraya da ruwan wanka. Ban taɓa yin ta da kyau haka ba, kuma ban sake ba. Na yi shessheƙar, na yi dariyar, na yi tarin, na ja ƙarar ƙarshe, na saki ƙwarya (ba yadda zan yi in bar ta, tana cikin shaida).

Dakan ya tsaya. Na tsaya ina ɗigar ruwa. Sai muryar Gwaggo ta tsallako katanga, a sanyaye.

"La'ilaha illallahu. Ita ta. Wallahi ita ta."

Wato ita ce, an kama matar. Saurayin da ke gadin ƙofar banɗaki shi ya fara fashewa, sai matan bayan katanga suka ɗauka, sai lungu gaba ɗaya, har waɗanda suka hau bishiya. Da na leƙo na ga liman ya toshe baki da jelar rawaninsa, kafaɗunsa na rawa, mai unguwa kuwa ya kifa goshi a kan sanda. Na tuno mai kiɗan nan da aka yi wa dariya a wurin kuka, na ce shi ai da sauƙi, da tufafinsa a jikinsa ya bar gari.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Alhaji Mamman ya dube ni tun daga jiƙaƙƙen kaina har ƙafa, ya tashi, ya sa takalminsa ya fita. Bai ce manyana su zo ba, bai kuma sake cewa kada su zo ba.

Na wanku daga zargi ɗaya na faɗa cikin wasu. Kafin la'asar Gwaggo ta yanke cewa aljana ce ta aure ni a makewayi, wasu kuma suna raɗa wata kalmar da ba zan maimaita ba, kowa dai ya san abin da ake kiran namiji mai muryar mata. Mai ƙosai ta aiko a gaishe ni, wai yaya jikin Hajiya. Sanusi tun a tasha ya ji labari, ya shigo da ragonsa ya zauna a ƙasa dirshan yana dariya har ragon ya kuɓuce masa. Ni ko murmushi na kasa. Ban aika Kaura ba, don ba ni da bakin da zan aika da shi, na zauna ina jiran abin da gobe za ta kawo.

Ranar Juma'a a sahun ƙarshe na yi salla, aka yi sallama na sulale. Kawu da manya sun iso, su ma a tasha aka tare su da labari. Da liman ya tambayi Kawu game da kaset ɗin, sai ya ce shi girki kawai ya yi wa mutanen nan, bai san wata ofera ba. Suka wuce gidan Alhaji. Mai neman aure ba ya zuwa wurin, don haka na zauna a zauren Sanusi, ni da rago, duk takun da na ji a lungu sai na leƙa.

Sun daɗe. Da Kawu ya dawo bai dube ni ba, ya nemi ruwa, ya sha a hankali, ya goge baki, ya yi hamdala, kamar ba rayuwata ce a bakinsa ba. Sannan ya ce sun gabatar da buƙata, har sun fara neman takalmansu da ido, daga nan Alhaji ya yi magana. Kawu ya kwaikwayi muryarsa.

"Yaron ga saboda ɗiyata yaz zo garin ga, kuma bayan gidana abin ga yas same shi. In ni ban ba shi ba, ku hwaɗa mani, wa za ya ba shi?"

Sai aka yi fatiha, an ba ni Luba. Gwaggo ta kafa sharaɗin sai na sha rubutu na kwana da kwanaki, na sha ba musu. Liman ya ce daga yau wanka shiru, na ce na ji na bi.

Na daɗe ina lallashin kaina cewa ko da uban tausayi ya ji, ita Luba waƙar ce ta ratsa ta, don ni na san abin da na zuba a cikinta ranar. Bayan biki da 'yan watanni, wata rana muna zaune tana tankaɗe, na yi ƙarfin hali na tambaye ta yadda ta ji a bayan katangar nan. Ba ta ɗago kai ba.

"Malam, kuka biyu niy yi ranar. Na farko da niz zaci macce ta. Na biyu da nit tabbata kai na."

Ta ci gaba da tankaɗenta. Darasin da na ɗauka ba mai zurfi ba ne. In ka sauka baƙon gida, kafin ka shiga wanka ka tambayi wa ke bayan katanga. In kuma Allah ya rufa maka asiri aka ba ka mata, ka karɓa ka yi godiya, kada ka tsaya binciken dalili.